Almakashi da Gam: Tarihin Zanen Masu Kiɗan Punk a Birtaniya

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Idan kuwa haka ne, to fuskar faifan waƙa ita ce bangonsa, domin da shi ido ke fara cin karo kafin kunne ya ji komai. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin wani salon zane da ya taso tare da kiɗan matasa da ake kira punk, wanda ya yi tashe a biranen New York da Landan daga wajen shekarar 1975. Za mu fi mayar da hankali ga Birtaniya, mu ga yadda matasan da ba su da jari, ba su da maɗaba'a, suka ɗauki hotunan hukuma da na 'yan kasuwa suka mayar da su makamin suka, sa'an nan mu dubi abin da ya faru da kasuwa ta gano cewa akwai riba a cikin abin.

Yanayin da Ya Haifi Salon

A shekarar 1975 hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 20 cikin ɗari, marasa aikin yi kuma suka zarce miliyan ɗaya. A 1976 sai da gwamnati ta nemi rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Manyan makaɗan wancan lokaci kuwa suna fitar da faya-fayai masu dogayen waƙoƙi, bangonsu ɗauke da zanen duniyar mafarki wanda aka kashe maƙudan kuɗi wajen tsara shi. Yaron da ya gama makaranta ya shiga layin karɓar tallafin marasa aiki bai ga kansa a cikin waɗannan hotuna ba. Kiɗan punk ya zo da gajerun waƙoƙi masu sauri da hargowa, ya kuma zo da aƙidar cewa kowa na iya ɗaukar jita ya hau dandali. Ita kanta kalmar, a Ingilishin Amurka tana nufin ɗan iskan gari, wanda ba a ɗauke shi a bakin komai ba.

A New York, mujallar Punk ta fara fita a watan Janairu na 1976, kuma da hannu John Holmstrom yake rubuta yawancin haruffanta. A can ne kuma Arturo Vega ya zana wa rukunin makaɗa na Ramones tambari, inda ya ɗauki hatimin shugaban Amurka ya bar mikiyar da ke jikinsa, amma ya cire kibiyoyin da take riƙe da su ya sa mata kulkin wasan ƙwallo.

Jamie Reid da Hoton Sarauniya

Wanda ya fi kowa fito da wannan salo a Ingila shi ne Jamie Reid. Ya haɗu da Malcolm McLaren a makarantar koyon zane ta Croydon a 1968, shekarar da ɗalibai da ma'aikata suka yi bore a birnin Faris suka cika bangaye da fastoci. Daga 1970 Reid ya yi shekaru yana aiki a wata ƙaramar maɗaba'ar unguwa mai suna Suburban Press, inda ƙarancin kuɗi ya koya masa yanko haruffa da hotuna daga jaridu yana liƙa su da gam. Dabarar tana da tushe, domin Hannah Höch da John Heartfield sun yi irin wannan yanke-liƙe a Jamus tun bayan Yaƙin Duniya na Farko, har Heartfield ya yi amfani da shi wajen yi wa Hitila zambo.

Da McLaren ya zama manajan rukunin Sex Pistols sai ya kira tsohon abokinsa. A watan Nuwamba na 1976 Reid ya fitar da fasta mai ɗauke da tutar Birtaniya a yayyage, an harhaɗa ta da fil da ƙarfen maƙale takardu. A watan Mayu na 1977, ana shirin bikin cikar Sarauniya Elizabeth ta Biyu shekara 25 a kan gadon sarauta, sai faifan God Save the Queen ya fito. A bangonsa Reid ya ɗauki hoton Sarauniya na hukuma ya rufe idanunta da bakinta da yankakkun haruffa, manya da ƙanana a cakuɗe, irin na wasiƙar masu neman kuɗin fansa da ba sa son a gane rubutun hannunsu. Gidan rediyon BBC ya hana saka waƙar, wasu manyan kantuna suka ƙi sayar da faifan, duk da haka ya kai matsayi na biyu a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa. Mu lura cewa Reid bai zana sabon hoto ba. Ya ɗauki fuskar da kowa ke gani a kan takardar kuɗi da kan sarki ne, ya taɓa ta a wuri biyu kacal, ma'anarta ta juye.

A watan Oktoba na wannan shekara babban faifan rukunin ya fito da bango ruwan ɗorawa da ruwan hoda, babu hoton kowa, sai haruffa kawai. Saboda wata kalma da ke cikin sunan faifan, aka gurfanar da manajan wani kanti a Nottingham bisa dokar hana tallar batsa ta 1889. Lauya John Mortimer ya gayyato Farfesa James Kinsley na sashen Ingilishi na jami'ar garin, wanda ya bi asalin kalmar ya nuna cewa tsohuwa ce a harshen, kuma a wannan muhalli shirme take nufi. Kotu ta sallami wanda ake ƙara. Mu ɗaliban harshe ya kamata mu riƙe wannan, cewa sanin tarihin kalma ɗaya ya taɓa kuɓutar da mutum daga hukunci.

Mujallun Hannu

Reid dai ya yi karatun zane, saboda haka kaushin aikinsa da gangan ne. Na masu mujallun hannu kuwa daga rashi ya fito. A watan Yuli na 1976 wani matashin akawun banki mai suna Mark Perry ya haɗa mujallar Sniffin' Glue da tafiretar yara da alƙalamin tawada, ya buga kwafi kusan 50 a injin fotokofi. Kuskuren rubutu da karkatattun layuka duk aka bar su yadda suke. Kafin ya dakatar da ita a 1977 ana buga dubbai. A farkon 1977 wata mujallar mai suna Sideburns ta zana kamun tsirkiyar jita guda uku, ta ce wa mai karatu ya je ya kafa nasa rukunin. Wannan shafi ɗaya ya tattara aƙidar duka, wato kada ka jira izinin kowa.

Daga nan salon ya yi rassa. A Manchester, Linder Sterling ta yanko hotuna daga mujallun maza da na kayan gida ta haɗa surar mace mai dutsen guga a madadin kai, aka sa a bangon wani faifan Buzzcocks a 1977, domin a nuna yadda talla ke kallon mace. Rukunin Crass, wanda Gee Vaucher take yi wa zane, ya riƙa fitar da bango baƙi da fari wanda ake warwarewa ya zama fasta, a jikinsa an buga farashin da bai kamata mai saye ya biya fiye da shi ba. Suna kuma huda haruffa a jikin kwali su fesa fenti a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan.

Inda Aka Yi Tuntuɓe

Wasa da tambari yana da haɗari. A farkon tafiyar wasu makaɗa da mabiyansu sun riƙa sanya tambarin 'yan Nazi a riguna da damtse, wai don su girgiza iyayensu da suka ga yaƙi. Amma a daidai lokacin jam'iyyar National Front mai ƙyamar baƙi tana maci a titunan Ingila, kuma baƙar fata da 'yan Asiya da Yahudawa ba su ga abin dariya a ciki ba. Ƙungiyar Rock Against Racism, wadda aka kafa a 1976, ta mayar da martani da makami iri ɗaya, wato fastoci da bajoji da mujalla. A watan Afrilu na 1978 dubban mutane suka yi jerin gwano zuwa filin Victoria Park, inda rukunin The Clash ya yi wasa. Aka gane cewa akwai hoton da nauyin tarihinsa ya fi ƙarfin almakashi.

Kasuwa Ta Saye Bore

Ba a daɗe ba kasuwa ta miƙo hannu. Tun a 1977 mai tsara tufafi Zandra Rhodes ta fitar da riguna masu tsada da aka yi wa ado da fil da yagewa. Vivienne Westwood, wadda a kantinta da McLaren a titin King's Road aka fara sayar da rigunan punk, ta karɓi lambar girma daga fadar Sarauniya a 1992 da kuma 2006. A 2013 babban gidan tarihi na Metropolitan a New York ya shirya baje kolin tufafin punk, a 2015 kuma bankin Virgin Money ya buga zanen Reid a jikin katin bashi. Da aka yi bikin cikar punk shekara 40 a Landan a 2016, ɗan McLaren da Westwood, Joe Corré, ya ƙone tarin kayan tarihin punk a kan kogin Thames don nuna ɓacin ransa. Westwood ta rasu a 2022, Reid ya bi ta a 2023.

Kammalawa

Mun ga cewa zanen punk ya fito ne daga haɗuwar abu biyu: ƙwarewar 'yan ƙalilan da suka san tarihin zanen bore, da ƙarfin halin matasa da yawa da ba su da komai sai almakashi da gam da injin fotokofi. Kamanninsa, wato yankakkun haruffa da fil da yagaggiyar tuta, sun zama hajar talla, yau duk mai kwamfuta na iya kwaikwayonsu cikin minti ɗaya. Abin da kasuwa ta kasa sayewa shi ne darasin da Mark Perry ya bari, cewa wanda yake da abin faɗa ba sai ya jira babbar maɗaba'a ba. Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha, kuma da kwafi 50 aka fara.