Horar da ɗan kwikwiyo: muhimmancin watanni ukun farko

A Kunci da ƙauyukan da ke kewaye da ita a arewacin jihar Kano, gidaje na kusa da juna, gonakin gero da dawa kuma na dab da bakin gari.

A irin wannan wuri, karen da aka ajiye domin gadi ko farauta yana cuɗanya da yara da awaki da kajin maƙwabta a kullum. Idan bai samu horo ba, yakan zama sanadin rigima, wani lokaci har da hasarar rai.

Lokacin sabo

Ana haihuwar ɗan kwikwiyo ido a rufe, sai bayan kimanin mako biyu yake buɗewa.

Wani bincike da John Paul Scott da John Fuller suka wallafa a Amurka a shekarar 1965 ya nuna cewa daga mako na 3 zuwa wajen na 12 ne kare ke koyon abin da zai saba da shi da wanda zai ji tsoro. Da ma Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Likitocin dabbobi na ba da shawarar a bar shi wurin uwarsa har ya kai mako 8, domin a wasa da 'yan uwansa ne yake koyon sassauta cizo.

Daga nan sai a riƙa nuna masa abubuwan da zai rayu da su sannu a hankali: yara, da baƙi, da tumaki, da ƙarar babur da ta injin niƙa.

Lada ko duka?

Mutane da dama na ganin cewa ɗaure kwikwiyo da sarƙa a lungu da kuma dukansa ne ke sa ya yi zafin gadi. Masana halayyar dabbobi sun ce hakan tsoro yake cusa masa, kuma kare matsoraci ya fi saurin cizo.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a ba shi suna ɗaya, a yi amfani da gajerun kalmomi kamar "zo" da "bari", sannan a ba shi ɗan abinci nan take idan ya bi umarni. Mintuna kaɗan a kowace rana sun isa.

Wajibi ne kuma a hana yara jifansa ko taɓa shi yana cin abinci.

Matsayin shari'a

Hadisai sun halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, kuma Suratul Ma'ida ta yi maganar abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo.

Malaman fiƙihu sun bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda ke tafiya idan an tura shi, ya kuma tsaya idan an hana shi.

A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai. Saboda haka ya kamata a ware masa kaskonsa tun ranar farko.

Allurar rigakafi

Horo ba ya hana cutar haukan kare. An ƙiyasta cewa tana hallaka mutane kimanin 59,000 a duniya a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Akan yi wa kwikwiyo allurar farko yana da wata uku, a kuma maimaita kamar yadda likitan dabbobi ya tsara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato na cikin masu samar da allurar.

Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko da ɗan kwikwiyo ne, sai ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tsira.