Duwatsu da Layukan Ƙidayar Shekara

Tun kafin a san rubutu, makiyaya da manoma sun riƙa kafa duwatsu ko jan layi a ƙasa domin bin tafiyar rana. Rana ba ta fitowa ta wuri ɗaya kullum. Mafitarta tana matsawa arewa har wajen 21 ga Yuni, sannan ta koma kudu har wajen 21 ga Disamba. Duk wanda ya sa alama a inda take juyawa ya sami abin ƙidayar shekara, ya kuma san lokacin sa ran ruwa.

Cikin irin waɗannan wurare mafiya tsufa akwai Nabta Playa, a hamadar kudancin Masar, kimanin kilomita 100 yamma da Abu Simbel. Ayarin masu bincike na Fred Wendorf ne ya gano shi a 1973. A zamanin da Sahara ke samun damina, wurin tafki ne da ruwan sama ke cikawa, masu shanu suna sauka a bakinsa. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, mutanen suka jera duwatsu a da'ira mai faɗin kusan mita 4, suka bar ƙofofi huɗu masu fuskantar juna biyu-biyu. Biyu sun miƙe kudu da arewa. Sauran biyun, bisa binciken McKim Malville da aka buga a 1998, suna duban mafitar rana ta watan Yuni, lokacin da damina ke faɗuwa a yankin.

Lissafin yana tafe da ibada irin ta mutanen wancan zamani. A kusa da da'irar an tono saniya da aka binne ɗungurungum a rami, aka tara duwatsu a kanta, ga kuma wasu tsibin duwatsu masu ƙasusuwan shanu. Wannan ya sa masana ke ɗaukar wurin a matsayin dandalin taro da yanka. Yanzu da'irar tana gidan tarihin Nubiya da ke Aswan.

A Nazca ta ƙasar Peru kuwa, tsakanin shekara ta 500 kafin Miladiyya da ta 500 bayanta, an kwashe jajayen tsakuwa har farar ƙasa ta bayyana, aka fitar da dogayen layuka da siffofin dabbobi. A Yunin 1941 wani mai bincike, Paul Kosok, ya ga rana ta faɗi daidai ƙarshen wani layi, Maria Reiche kuma ta ƙarar da rayuwarta tana kare ra'ayin cewa layukan kalanda ne. Sai dai awon Gerald Hawkins na 1968 ya nuna dacewar layukan da taurari ba ta wuce ta katari ba. Fasassun tukwanen da ke kansu sun ƙarfafa ra'ayin Johan Reinhard cewa hanyoyi ne da ake bi wajen roƙon ruwa.

A Potiskum da kewayenta inuwa na iya yin aikin ƙidayar shekara. Sandar da aka kafa tsaye tana rasa inuwa da tsakar rana sau biyu a shekara: wajen 20 ga Afrilu, gab da damina, da wajen 22 ga Agusta, cikin marka. Da awon inuwa malamai ke gane shigar Azahar da La'asar kafin agogo ya yaɗu. Malaman hisabi kuma suna raba shekara zuwa taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, manomi ya san tauraron shuka da na girbi.