Aboke: Makarantar da Ta Ƙi Rufe Lissafin 'Ya'yanta

Ranar 9 ga Oktoba ce Yuganda take bikin samun 'yancin kai. A daren wannan rana, a shekarar 1996, bayan an gama shagali kowa ya kwanta, 'yan tawayen ƙungiyar LRA suka faɗa makarantar St. Mary's da ke garin Aboke, a ƙasar Lango ta arewacin Yuganda. Makarantar kwana ce ta 'yan mata, wadda sistocin ɗariƙar Katolika na ƙungiyar Comboni suka kafa a 1967. Kafin gari ya waye, 'yan tawayen sun tasa ƙeyar ɗalibai 139 zuwa daji, ɗaure da igiya. 'Yan shekara 13 zuwa 16 ne.

Mu da muka ga abin da ya faru a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018, ba sai an yi mana bayanin irin wannan dare ba. Abin da ya sa muka waiwayi Aboke shi ne abin da makarantar da iyayen yaran suka yi bayan gari ya waye, da kuma cikin shekara goma sha biyun da suka biyo baya.

Yaƙin ya samo asali ne daga 1986, lokacin da Yoweri Museveni ya ƙwace mulki daga hannun sojojin da galibinsu 'yan arewacin ƙasar ne, musamman ƙabilar Acholi. Tawaye ya ɓarke a yankin. Wata mata mai suna Alice Lakwena, wadda ta ce ruhi ne ke magana ta bakinta, ta jagoranci mayaƙa har kusa da birnin Jinja kafin a murƙushe su a 1987. Joseph Kony ne ya tattara ɓurɓushinsu. Da jama'a suka ƙi ba shi goyon baya, sai ya koma satar yara: maza a ba su bindiga, mata a raba wa kwamandoji a matsayin matan aure. Daga tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Sudan ta ba shi makamai da mafaka a kudancin ƙasarta, a matsayin ramuwar gayya kan taimakon da Yuganda ke bai wa 'yan tawayen SPLA. Ka ga yaran ƙauye sun zama kuɗin cinikin gwamnatoci biyu.

Makarantar Aboke ta san da haɗarin, domin an taɓa kai mata hari a 1989 aka kwashi ɗalibai. Tun daga nan aka sanya wa ɗakunan kwana ƙyauren ƙarfe, aka kafa wa tagogi sanduna. Sai dai a daren da ake magana, dakarun da aka yi wa makarantar alkawari ba su zo ba. Ƙarfen ya ɓata wa maharan lokaci, amma daga bisani suka fasa bango ta wajen taga suka shiga.

Da safe, mataimakiyar shugabar makarantar, Sista Rachele Fassera, 'yar ƙasar Italiya, ta ɗebi kuɗi daga ofis ta kama hanyar daji a ƙafa. Wani matashin malami, John Bosco, ya ce ba za ta tafi ita kaɗai ba. Sawun bai yi wuyar bi ba, domin maharan sun yi ta yar da takardun alawa da kwalaben lemon da suka wawushe a makarantar. Haka suka ratsa fadama da ciyawa har suka cim musu.

Kwamandan ayarin, Mariano Ocaya, wanda ake kira Lagira, bai karɓi kuɗin ba. Bayan doguwar tafiya da roƙo, ya yanke hukunci: zai saki 109, ya riƙe 30. Sista ta durƙusa ta ce a riƙe ta a saki yaran, ya ƙi. Kafin ta juya, aka rubuta sunayen talatin ɗin a takarda ɗaya bayan ɗaya, suna kuka suna roƙon kada ta tafi ta bar su. Sannan ta jagoranci sauran zuwa gida.

A nan ne tarihin yake da abin lura. A ce cikin 139 an dawo da 109 a kwana guda, ba harsashi ba fansa, kowace gwamnati za ta kira wannan gagarumar nasara, a ɗauki hoto, a rufe fayil. Makarantar da iyayen ba su yi haka ba. Takardar nan mai suna talatin ita ce ta zama aikinsu.

Iyayen suka kafa ƙungiya, suka fito suna magana a lokacin da yawancin waɗanda aka sace wa 'ya'ya suke yin shiru don tsoron ramuwa. Fafaroma John Paul na Biyu ya yi kira a saki yaran. A 1997 Sista Rachele ta je har kudancin Sudan, aka zagaya da ita sansanonin 'yan tawayen, amma ta dawo hannu rabbana. Ƙungiyar ba ta tsaya kan 'yan Aboke ba. Ta shiga fafutukar dubban yaran ƙauyuka da babu wata sista da ta bi sawunsu, babu jaridar da ta buga sunansu.

Cikin iyayen akwai wata ungozoma daga garin Lira, Angelina Atyam, wadda 'yarta Charlotte tana cikin talatin ɗin. Da maganarta ta fara damun 'yan tawayen, sai suka aiko mata da tayi: a ba ta 'yarta, ita kuma ta yi shiru. Ta ce sai dai a sako su duka. Duk wanda ya haifa ya san nauyin wannan amsa. Mukan ce ɗa na kowa ne, amma da wuya a samu wanda aka gwada shi a kan maganar irin yadda aka gwada wannan mata. A 1998 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta lambar yabo ta kare haƙƙin ɗan'adam. Charlotte kuwa sai a 2004 ta samu ta gudo, da 'ya'ya biyu da ta haifa a daji.

Akwai wani zaɓi mai wuya da iyayen suka yi. Yawancin 'yan tawayen Acholi ne, Aboke kuma ƙasar Lango ce, don haka abu ne mai sauƙi lamarin ya rikiɗe ya zama gaba tsakanin ƙabilu. Iyayen suka lura cewa da yawa daga masu riƙe da bindigar su ma sato su aka yi suna ƙanana, kuma duk bam ɗin da soja ya jefa wa sansanin Kony, kan 'ya'yan mutane yake sauka. Shi ya sa suka karkata ga sulhu da yafiya. A shekarar 2000 dokar afuwa ta fara aiki a Yuganda ga duk wanda ya ajiye makami ya dawo gida.

Yaƙin bai ƙare nan take ba. A tsakiyar shekarun 2000 sama da mutum miliyan ɗaya da rabi suna zaune a sansanonin 'yan gudun hijira. A 2005 kotun duniya da ke birnin Hague ta ba da sammacin kama Kony da manyan kwamandojinsa huɗu. Tattaunawar Juba ta kai ga tsagaita wuta a watan Agustan 2006, kuma duk da Kony ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar ƙarshe, mayaƙansa sun fice daga Yuganda, jama'a suka fara komawa gonakinsu.

Komawa gida ma yaƙi ne na daban. Yarinyar da ta tafi tana aji biyu ta dawo da goyo, sa'o'inta sun gama makaranta. A gari ana nuna ta da baki ana cewa matar 'yan tawaye. Ɗanta ba shi da gonar gado, domin a al'adar yankin ƙasa ta dangin uba ce, uban kuwa yana daji ko yana kabari. A irin wannan hali ake gane amfanin makarantar da ba ta rufe ƙofarta ba. Grace Akallo, ɗaya daga cikin talatin ɗin, ta kuɓuta bayan wata bakwai, ta koma ajinta a St. Mary's, ta wuce jami'a, kuma a 2009 ta tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi magana a madadin yaran da yaƙi ya cinye wa ƙuruciya.

Ba dukkan talatin ɗin suka dawo ba; wasu a daji suka rasu. Ta ƙarshe da ta dawo ita ce Catherine Ajok, a watan Maris na 2009, daga dajin Kwango, ɗauke da ƙaramin yaro. Shekara goma sha biyu da 'yan watanni ke nan bayan an rubuta sunanta a waccan takarda, kuma ta tarar ana jiran ta.

Mu ma muna da irin wannan takarda. Daga cikin 'yan matan Chibok 276 akwai waɗanda har yau ba su dawo ba, kuma Leah Sharibu ta Dapchi tana can tun 2018. Bayan su akwai yaran ƙauyukan da ba a taɓa ƙirga su ba. Duk lokacin da aka sanar mana da adadin waɗanda aka ceto, ya kamata mu tambayi saura nawa, su wane ne, kuma a hannun wa sunayensu suke.