Asabar ta Maryamu: Yadda Muka Koyi Murnar Ista a Kafanchan

Yau za mu waiwayi tarihi, mu ga inda murnar Ista take da tushe, da abin da Uwarmu Maryamu ta koya mana a kanta.

Bari mu fara da Littafi Mai Tsarki. A Yohanna sura 19, mun ga Maryamu a tsaye kusa da gicciye ranar Jumma'a. A Ayyukan Manzanni sura 1, mun sāke ganinta tana addu'a tare da almajirai bayan tashin Yesu. Tsakanin waɗannan biyu akwai ranar Asabar, ranar da Yesu yake kwance a kabari. Bitrus ya riga ya yi musun saninsa, tsoro ya kama sauran. Tun zamanin dā Ikilisiya take koyar da cewa a wannan rana Maryamu ta riƙe bangaskiya, ba ta saki ba. Shi ya sa Katolika suka keɓe mata Asabar. Wani malamin Ikilisiya mai suna Alkuwin, mutumin Ingila da ya rasu a shekara ta 804, ya shirya addu'o'in Mas na girmama ta a wannan rana.

Akwai kuma addu'ar Sarauniyar Sama, wadda ake kira Regina Caeli da Latin. An san ta tun ƙarni na 12. A 1742 Paparoma Benedict na 14 ya umarta a riƙa yin ta a madadin addu'ar Angelus daga Ista har Fentikos, kuma a tsaye. A cikinta muna taya Maryamu murna, domin Ɗan da ta haifa ya tashi yadda ya faɗa. Wadda ta tsaya da kuka a gindin gicciye, ita ce muke tsayawa tare da ita cikin farin ciki.

Ta yaya wannan al'ada ta iso ƙasarmu? Fadoji na ƙungiyar SMA, da yawansu 'yan Ayalan, sun biyo hanyar jirgin ƙasa wadda ta mai da Kafanchan mahaɗa a wajen 1927. Daga nan katikis suka kai bishara ƙauyukan Bajju, Atyap, Agworok, Ham, Gwong da sauransu, da harshen Hausa da ya haɗa mu. Amma iyayenmu mata ne suka shigar da ita cikin gida. Matan Zumunta, da tulunsu da waƙoƙinsu, su ne suka koya mana rosari tun muna goye. A 1995 aka kafa Dayosis na Kafanchan, Bishop Joseph Danlami Bagobiri ya zama makiyayinmu na farko har rasuwarsa a 2018.

Sai dai bangaskiyar da ba a gwada ba, ba a san ƙarfinta ba. Mu tuna da 2011. An yi zaɓen shugaban ƙasa ran Asabar 16 ga Afrilu. Kashegari Lahadin Ganyen Dabino ce. Kafin tsakiyar Mako Mai Tsarki wuta ta tashi a Kafanchan, Zonkwa da Matsirga, kasuwar Kafanchan ta ƙone, aka sa dokar hana fita. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutum fiye da 800 suka mutu a arewacin Nijeriya cikin kwana uku. Dole mu faɗi gaskiya a gaban Allah: Kirista sun mutu, Musulmi ma sun mutu, kuma a yankinmu Musulmi da yawa ne aka kashe. Hawayen uwa ba shi da addini. Maƙwabtanmu ma suna girmama Maryamu, har akwai sura guda mai sunanta a Alkur'ani.

Ista ta zo ran 24 ga Afrilu, toka ba ta gama hucewa ba. Duk da haka Ikilisiya ba ta ɗage bikin ba, domin tashin Yesu ba ya jiran kwanciyar hankali. Haka kuma a 2025, ranar Larabar Toka, aka sami gawar Fada Sylvester Okechukwu da aka sace a Tachira. Muka shiga azumi da makoki, muka fito da Halleluya.

To, mene ne darasinmu? Murnar Ista ba mantuwa ba ce. Maryamu ba ta manta da ƙusoshin ba, amma ba ta nemi ramuwa ba. Har ta zauna ɗaki ɗaya tana addu'a da waɗanda suka gudu suka bar Ɗanta. Wannan ita ce tambayar da take gaban kowane gida a cikinmu: me muke koya wa yara a ranar Asabar tamu, ranar da kabari yake rufe, Allah kuma kamar ya yi shiru? Idan ƙiyayya muka shuka musu, ita za su girbe. Idan bege ne, za su iya tsayawa.

Saboda haka, a cikin kwana 50 na Ista, idan ƙararrawa ta buga da safe, da tsakar rana, da yamma, mu ajiye fartanya, mu tara yara, mu miƙe tsaye. Mu yi addu'a domin matattunmu, da na maƙwabtanmu kuma.

Ya Maryamu, Uwar Mai Ceto, ki roƙa mana bangaskiya irin taki. Kristi ya tashi, hakika ya tashi. Amin.