'Yan Sa-Kai Daga Kambirij da Makarantar Wusasa

Duk wanda ya fita daga Zariya ya nufi yamma kaɗan, zai ga wani dutse da ƙauye a gindinsa, watau Wusasa. Ɗalibai da yawa sun san sunan wurin saboda asibitinsa, amma kaɗan ne suka san yadda aka yi makaranta ta kafu a can, da irin mutanen da suka baro ƙasarsu don su yi mata aiki.

Asalin maganar ya faro ne daga 1900, lokacin da ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda ake kira CMS, ta aiko da mutum biyar ƙasar Hausa a ƙarƙashin Bishop Tugwell. Cikinsu har da wani saurayin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus. Suka isa Kano, Sarki Alu ya ƙi ba su masauki, ya ce su fice masa daga gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A ƙarshe tafiyar ta watse. Miller kuwa bai haƙura ba. Ya dawo, kuma a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Zage-zagi suka riƙa kiransa Likita Mila.

Burinsa na farko shi ne ya tara 'ya'yan sarakuna da malamai ya koya musu boko. Abin bai yi tasiri ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iyaye sun san cewa mai makarantar ya zo ne da addini, ba za su miƙa 'ya'yansu ba. Gwamnatin Turawa ita ma tana ɗari-ɗari, domin Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba. Saboda haka da gwamnati ta tashi kafa tata makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909, sai ta damƙa wa Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda shi ma da rigar CMS ya fara shigowa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati. Miller ya ci gaba da 'yan yaran da ya samu, waɗanda suka ƙaru bayan da wasu daga cikin Isawa suka karɓi Kiristanci. Zamansa da fadar Zazzau kuwa bai yi daɗi ba. Yana cikin waɗanda suka yi ta kai ƙarar Sarki Aliyu Ɗan Sidi, mashahurin marubucin waƙoƙin nan, wanda daga baya aka tuɓe aka kai Lakwaja.

To, a nan ne samarin Jami'ar Kambirij suka shigo labarin. A shekarun 1920 wasu ɗalibai a can suka haɗa kansu, suka yi alkawarin cewa in sun gama karatu za su zo su taimaki aikin Zariya, waɗanda ba su sami zuwa ba kuma su tallafa da kuɗi da addu'a. Mai karatu ya lura, sa'o'inmu ne, 'yan shekara ashirin da 'yan kai, ba su taɓa ganin harmatan ba balle su san zazzaɓin damina.

Labarin biyu daga cikinsu ya isa ya nuna yadda irin wannan sa-kai yake. Max Warren, wanda ya karanta tarihi, ya iso a ƙarshen 1927 ya kama koyarwa. Bai cika shekara guda ba tarin fuka ya kama shi, aka mai da shi gida, ya daɗe a kwance, kuma bai sake komowa bakin wannan aiki ba. In za a auna abin da ya yi wa yaran da yawan darasin da ya ba su, to bai taka kara ya karya ba. Amma shi ne ya zama babban sakataren CMS daga 1942 zuwa 1963, daidai lokacin da ƙasashen Afirka ke karɓar mulkin kai, coci-cocinsu kuma ke neman riƙe al'amuransu da hannunsu. A ganina shi ya fi ƙaruwa da 'yan watannin nan, fiye da yadda makarantar ta ƙaru da shi.

Na biyun, Guy Bullen, ya daɗe, kuma a hannunsa aka yi babban canjin. Gwamnati da fada sun jima suna son mishan ta fita daga birni. Miller ya ƙi, yana ganin fita daga ganuwa tamkar sallama aikin ne. Sababbin zuwa suka ga cewa a waje ne za a sami fili na gina makaranta da asibiti ba tare da rigima ba. Ra'ayinsu ya rinjaya, aka koma Wusasa a wajen 1929, aka gina cocin St Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa. Miller ya koma Kano, ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito da Hausa a 1932. Bullen kuwa an naɗa shi mataimakin bishop na Masar da Sudan a 1935, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Sudan a 1937.

Wa ya fi gaskiya tsakanin tsoho da samari? Kowa da rabonsa. Tsoron Miller ya tabbata, domin Wusasa ta zama tsibiri, birni ya ci gaba da harkarsa kamar ba a yi ba. Amma makarantar ta yi ƙarfin da ba ta taɓa yi ba a cikin ganuwa. Daga wannan 'yar jama'a aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya fara shugabantar Jam'iyyar Mutanen Arewa. A nan Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, haka kuma Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya a daidai waɗannan shekaru. Mu kuma masu nazarin adabi muna da namu rabon, domin John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930, mutumin Wusasa ne.

Miller ya rabu da CMS a 1935. Ya rasu a 1952 a Bukur, kusa da Jos.