Kwabon da aka raina a 1985

Yau zan ɗan fita daga batutuwan da muka saba, in kai mu Holiwud, cibiyar finafinan Amurka. Kada mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. Mu da akasarinmu ciniki ya kawo mu nan, daga Sabon Ibadan zuwa Agege da Fatakwal, mun fi kowa sanin cewa sharaɗin da aka ƙulla ranar da kasuwa ke kwance shi ke bin mutum har ranar da ta tashi. Tarihin rigimar marubutan fim da kamfanonin talabijin ke nan a taƙaice.

Marubutan suna da ƙungiya mai suna WGA, kuma duk shekara uku take zama da kamfanoni a sabunta yarjejeniya. Abin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce a zaman shi ne kason da ake biyan marubuci idan aka maimaita nuna aikinsa ko aka sayar da shi ta wata sabuwar hanya. Aikin rubutu ba kullum ake samunsa ba, sai mutum ya yi shekara a zaune, don haka wannan kaso shi ne guzurinsa na lokacin rani.

A 1960 talabijin ce sabuwar hanyar. Kamfanoni suna sayar wa tashoshi tsofaffin finafinai, waɗanda suka rubuta su kuwa ko sisi. Marubuta suka ajiye alƙalami a watan Janairu, suka kwashe kimanin wata biyar. 'Yan wasa ma suka bi sahu ƙarƙashin shugabansu Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. A wannan karo aka samu kason finafinan da ake nunawa a talabijin, da asusun fansho da na kula da lafiya.

Sai kaset ɗin bidiyo ya shigo. Kamfanoni suka ce kasuwar jaririya ce, buga kaset kuma akwai tsada, saboda haka kashi 80 cikin 100 na kuɗin sari za a ware a matsayin kuɗin ɗawainiya, a cikin ragowar kashi 20 ne za a fitar wa marubuci nasa. A 1985 marubuta suka yi yajin mako biyu kacal, suka haƙura. Da aka buga lissafi, rabonsu ya tsaya a wajen kashi 0.3 cikin 100. To, faifan DVD ya fito a 1997, buga shi ba ya cin komai idan aka kwatanta da kaset, cinikinsa ya zo ya zarce na gidajen silima, amma sharaɗin nan bai motsa ba. Faifan da ake sayarwa wajen dala 20, marubuci santi 4 yake samu a kai. Ko dogon yajin 1988, wanda ya haura wata biyar, bai taɓa wannan lissafi ba.

Shi ya sa da aka zo 2007, kamfanoni suka sake cewa intanet sabuwar aba ce, a dakata a ga kamun ludayinta, marubuta suka ce an taɓa mu da wannan. Ranar 5 ga Nuwamba suka fita, ba su koma ba sai bayan kwana 100, a Fabrairun 2008. Shirye-shiryen barkwanci na dare suka tsaya, bikin kyautar Golden Globe na wannan shekara ya koma taron manema labarai saboda 'yan wasa sun ƙi zuwa. Abin lura a nan shi ne, marubutan sun janye buƙatarsu ta ninka kason DVD, suka dage kan cewa duk abin da aka rubuta domin intanet ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar ƙungiya. A lokacin wasu na ganin an saki reshe an kama ganye, domin a 2007 ne ma Netflix ya fara haska fim ta intanet. Ba a jima ba DVD ya durƙushe, aiki ya koma inda suka dage.

Amma ba a rabu da Bukar ba. Shirin da a da ake yi masa kashi 22 a shekara ya koma 8 ko 10, marubuta kaɗan ake ɗauka na 'yan makonni, kamfanoni kuma suka ɓoye adadin masu kallo. Ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu iya harhaɗa labari. Ranar 2 ga Mayun 2023 marubuta kimanin 11,500 suka sake fita, 'yan wasa suka bi su a Yuli, karo na farko da aka haɗu tun 1960. Bayan kwana 148 aka daidaita: an ƙayyade mafi ƙarancin marubutan da za a ɗauka a shiri, an sa ƙarin lada ga shirin da ya samu karɓuwa, kamfanoni za su riƙa nuna wa ƙungiya alƙaluman kallo, kuma ba za a lissafa na'ura a matsayin marubuciya ba, ba za a tilasta wa kowa amfani da ita ba.

Ni dai abin da na tsinta a wannan tarihi shi ne, kalmar "bari mu gani tukuna" daga bakin mai dukiya ba alkawari ba ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda zai shiga sabuwar harka da wani, ko haya ce, ko dillanci, ko haɗin jari, ya tsaya a rubuta rabonsa tun ribar tana ƙarama, kuma a rubuta ranar da za a sake zama a duba. Allah Ya sa mu dace, Ya albarkaci nemanmu.