Daga Gafakar Madugu Zuwa Rumbun Intanet: Darasin Hanyar Sokode da Dapaong

Yau zancenmu a kan ajiya ne. Ba ajiyar kuɗi ko ta hatsi ba, ajiyar abin da ke cikin kayenka na bashi da wayar da ke aljihunka. In yau wuta ko ɓarawo ya raba ka da su, ina za ka samo lissafin wanda ke bin ka da wanda kake bi?

Tambayar ba sabuwa ba ce a wannan hanya. Tun kafin Jamus su kafa bariki a Sokode a 1898, fatake ke ratsowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro. Wasu ayarori kan bi ta Sansanne Mango, kudu da Dapaong ta yau, wasu kuma ta Djougou su sauka Didaure, unguwar baƙi Musulmi wadda Sokode ta girma a kanta. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi, ga koguna. Saboda haka mai hankali ba ya barin lissafinsa wuri guda. Yana kansa, yana gafakar malamin ayari a rubuce da ajami, maigidan zango ma ya san shi, ga shaidu. In ɗaya ya salwanta, saura na nan. Kai ma makiyayi ka san dabarar: wanda ya ba ɗan'uwansa na nesa saniyar habbanaye, ran da ciwo ya faɗa wa garkensa bai rasa iri ba.

Dubi Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano ya bi hanyar goro ya zauna Salaga. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin ke cikin Togon Jamus, can ya rasu a 1934. Salaga ta lalace, amma rubutunsa bai ɓace ba, don almajiransa sun yi ta kwafa suna kaiwa zango-zango, wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich kuma ya karɓi wasu ya tafi da su Turai. Abin da aka kwafa aka kai nesa, shi ya rayu.

Zamani ya juya, kwalta ta maye gurbin turbar jakuna, tun daga Lome har Cinkasse a bakin iyakar Burkina Faso. Lissafi ya koma kaye, kayen kuma ya kwana a shago tare da kaya. A Janairun 2013 gobara ta cinye babbar kasuwar Kara, tsakanin Sokode da Dapaong, kwana biyu bayan haka ta Lome ma ta kama. Takardar da ta kwana da haja, tare suke ƙonewa. A yankin Savanes kuwa, inda aka kafa dokar ta-ɓaci tun Yunin 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga, wanda ya bar gida da tsakar dare ba ya tsayawa neman katin rigakafin shanu ko takardar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ƙasashen CEDEAO suka amince da ita tun 1998.

Yau maigidan zango na nesa shi ne rumbun intanet, wanda Turawa ke ce wa gajimare. Kada sunan ya ruɗe ka, ba a sama yake ba. Manyan kwamfutoci ne a gine-ginen wasu ƙasashe, saƙonka na isa can ta wayoyin da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku. Ɗaya daga cikinsu, Equiano ta kamfanin Google, ta iso gaɓar Lome a Maris 2022, bayan an buɗe cibiyar adana bayanai a birnin a 2021. Sai dai faɗin hanya a bakin teku bai hana ta matsewa a daji ba. A ruga ko a kasuwar ƙauye, rezo ɗin ɗigo-ɗigo yake zuwa, kuma turawa ta fi saukewa nauyi. Ga lissafi: in layinka na tura megabit ɗaya a daƙiƙa, giga ɗaya sai ya ci sama da awa biyu, giga goma kusan yini da kwana. Shi ya sa da yawa kan fara ajiya, ta tsaya a rabi, su haƙura.

To, a nan ne ilimin madugu ke da amfani, domin shi ma siririyar hanya ya bi da kaya masu yawa.

Na farko, ware kaya. Ba a ɗora wa jaki duwatsu a bar goro a ƙasa. Hoton shafin kaye, rasit ɗin duwan, katin rigakafi, katin shaida, lambobin mutane, muryar da abokin ciniki ya turo yana amsa bashi, duk ba su da nauyi. Bidiyon biki da wa'azin da aka yi ta turowa su ne duwatsun. A saitin ajiya na WhatsApp akwai wurin da za ka kashe bidiyo. Kashe shi, nauyin zai faɗi warwas. Ka kuma tuna giga 15 Google ke bayarwa kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp a wayoyin Android cikinsu take ci.

Na biyu, babban kaya a babbar hanya. Ajiyar farko ita ce mai nauyi. Ka bari sai ka shiga Sokode, Kara ko Dapaong, inda rezo ke da ƙarfi ko ka sami wifi, wayarka na kan caji.

Na uku, kullum kaɗan. Bayan ta farko, hotunan da suka riga suka tafi ba a sake tura su, sabbi kaɗai ke bi. Wanda ya sa ajiya kullum, ɗan ƙunshi yake aikawa. Wanda ya bari wata uku, ayari guda ya tara a bakin ƙaramar gada. Dare ya fi, lokacin da mutane suka yi barci hanya ta sarara. Mai kwamfuta a shago ko ofishin fiton kaya, shi ma haka: a sa manhaja ta riƙa tura abin da ya sauya kaɗai, a matse, kuma in layi ya yanke ta ɗora daga inda ta tsaya.

Na huɗu, kada ka saki na hannu. A Satumbar 2017, bayan zanga-zangar da ta taso daga Sokode a watan Agusta, an katse intanet a Togo na kwanaki, matakin da kotun CEDEAO ta ce a 2020 ya saɓa doka. A Maris 2024 kuma wayoyin teku da dama suka tsinke, ƙasashen yammacin Afirka suka shiga wahalar intanet. Ran da hanya ta toshe, abin da ke nesa ba ya amsa kira. Ka riƙe uku: kayenka, katin memori a gidan ɗan'uwa, da na rumbun intanet.

Na ƙarshe, ka je ka gaida ajiyarka. Bafatake ba ya shekara bai leƙa maigidansa ba. Buɗe saitin ka ga ranar da aka yi ta ƙarshe. Kuma ka sani, maido da WhatsApp na bukatar lambarka ta da da asusunka na Google. In yaron da ya saita maka waya shi kaɗai ya san kalmar sirri, to rumbun naka ne, mabuɗi na wani. Ka sa a rubuta maka ita, ko da ajami ne, ka adana inda kake adana takardar gona.

Kafin ranar kasuwa mai zuwa, ɗauki hoton shafukan bashinka ka tura. Allah Ya tsare dukiya, Ya kai garke gida lafiya.